Amsoshin Wasiƙunku: Labarin "Harsunan Bulus" Da Duwatsun Tsibirin Malta

Yau wasiƙa guda ɗaya tak za mu ɗauka, domin tambayar da ke ciki gajera ce amma amsarta na da tsawo.

Wasiƙar ta fito ne daga wani mai sauraronmu a ƙasar Gombe, manomi ne, kuma yana taɓa fataucin hatsi. Bayan gaisuwa ya ce, ran kasuwar garinsu wani mai magani ya baza kaya yana tallan wani ɗan baƙin dutse da ya ce yana zuƙe dafin maciji. Ana cikin kallo sai wani maƙwabcinsa na rumfa, Kirista, ya ce ai shi ya taɓa jin akwai wani tsibiri a Turai inda Manzo Bulus ya la'anci macizai har harsunansu suka zama duwatsu, kuma sarakunan Turawa na da sun riƙa sayen duwatsun da tsada suna adanawa. To shi ne mai wasiƙar ke tambaya, shin wannan labari yana da tushe? In kuwa yana da shi, ko ya sayi dutsen ya ajiye saboda 'ya'yansa da 'yan ƙodago, tunda girbi ya ƙarato?

Malam, mun gode da wannan tambaya. Maƙwabcinka bai ƙaga labarin ba. Tsibirin yana nan, duwatsun suna nan har gobe a gidajen adana kayan tarihi, sarakunan ma sun saya. Amma ka bi ni sannu a hankali kafin ka sa hannu a aljihu.

Sunan tsibirin Malta. Yana tsakiyar Bahar Rum, kimanin kilomita 90 kudu da tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, ɗan ƙarami ne ƙwarai, mutum a mota zai ratsa shi daga wannan baki zuwa wancan cikin sa'a guda. Mutanensa Kiristoci ne, amma harshensu daga Larabci ya tsiro, shi ya sa ko a coci "Alla" suke cewa, azuminsu kuma suna kiransa "Randan".

Shi kuwa Bulus, yana daga cikin manyan waɗanda suka yaɗa addinin Kirista a farkonsa. Kalmar manzo a nan Kiristoci na amfani da ita ne ga waɗannan masu wa'azi na farko, ba ma'anar da Musulmi ke nufi ba in ya ce Manzon Allah. A cikin Littafi Mai Tsarki na Kiristoci, a littafin Ayyukan Manzanni, sura ta 27 da ta 28, an ba da labarin yadda aka ɗauko Bulus yana ɗaure za a kai shi birnin Rum gaban sarki, wajen shekara ta 60 bayan haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Jirgin ruwan da suka shiga na dakon alkama ne daga Iskandariya ta Masar, da mutum 276 a ciki. Guguwa ta yi ta wasa da su mako biyu, daga ƙarshe jirgin ya tarwatse a gaɓar wani tsibiri, amma ba wanda ya halaka. Mutanen tsibirin suka hura musu wuta saboda ruwa da sanyi. Bulus ya ɗebo ƙirare zai zuba, sai maciji ya fito saboda zafi ya maƙale masa a hannu. Mutanen wurin suka ce lalle wannan mai kisan kai ne, ya tsira daga teku amma alhaki ya biyo shi. Ya karkaɗe macijin cikin wuta. Suka zuba ido su ga ya kumbura ko ya faɗi, shiru. Ya zauna wata uku a wurin kafin su wuce.

Iyakar abin da littafin ya faɗa ke nan game da maciji. Ku lura da kyau, babu maganar la'antar macizai, babu maganar dutse. Wannan ƙarin mutane ne suka yi daga baya, ɗaruruwan shekaru bayan mutuwar Bulus.

Me ya kawo ƙarin? Abu biyu ne mutanen Malta suka gani da idonsu, suka nemi dalili. Na farko, macizan tsibirinsu ba sa kisa. Iri huɗu ne a can, kuma babu mai dafin da zai halaka mutum. Na biyu, in manomi na huɗa ko masu fasa dutse na aiki, sai su riƙa tsintar waɗansu 'yan duwatsu masu kusurwa uku, masu santsi da sheƙi, bakinsu da zarto-zarto, wani kamar ɗan yatsa, wani ya cika tafin hannu. In ka kalle su sai ka ce harshe. Sai aka haɗa biyun aka ɗaure da labarin Bulus: wai da macijin ya sare shi sai ya kwashe dafin macizan tsibirin duka, harsunansu suka daskare. Waɗansu ma suka ce a'a, siffar harshen Bulus ɗin ce da kansa ta fito a jikin duwatsu saboda ƙarfin wa'azinsa. Har yau da harshensu "harshen Waliyyi Bulus" suke kiran abin. Akwai kuma waɗansu 'yan ƙananan duwatsu kewayayyu, su kuma aka ce idanun macizan ne, ana sa su a zobe.

To, 'yan kasuwa, ga inda zancen ya zo wajenku. A wancan zamani manyan Turai ba abin da suke tsoro kamar a sa musu guba a abinci. Sarki na tsoron ƙaninsa, attajiri na tsoron magajinsa. Saboda haka duk abin da aka ce yana maganin guba kasuwarsa a buɗe take. Maƙeran zinariya suka riƙa ƙera wani abu kamar 'yar bishiya, su rataya mata waɗannan harsuna, a ɗora a kan teburin cin abinci, wai in akwai guba kusa dutsen zai yi gumi ko ya sake launi. Akwai irin wannan bishiya guda, ta jan murjani, da ke ajiye har yanzu a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Wani kuma ya tsoma dutsen a ƙoƙon shansa, wani ya rataya wa yaro a wuya kamar laya.

A shekarar 1530 wata ƙungiyar mayaƙan Kirista, wadda ake kira Jaruman Waliyyi Yahaya, ta karɓi mulkin Malta, ta kuma riƙe shi har 1798. A zamaninsu ne harkar ta bunƙasa. A garin Rabat na tsibirin akwai wani kogo da aka ce a ciki Bulus ya zauna, kuma a 1617 kogon ya koma hannun ƙungiyar. Sai aka riƙa kankare bangon kogon ana niƙa farin dutsen, a kwaɓa, a yi 'yan ƙwayoyi da ƙananan kofuna, a buga musu hatimi mai hoton Bulus da maciji. Aka ce komai yawan abin da aka kankara, kogon ba ya ƙara faɗi. Ana aika wa sarakuna kyauta, ana sayar wa maziyarta, har da takardar shaida cewa na ainihi ne. Kun san kuwa duk inda aka fara buga takardar shaida, to jabu ya riga ya cika kasuwa. A garuruwan Italiya kuma akwai waɗansu mutane, kamar dai gardawanmu masu wasa da maciji, da ke cewa su 'yan gidan Bulus ne, dafi ba ya kama su. Sai su tara jama'a a dandali, su naɗe maciji a wuya, in ido ya raina fata su fito da ƙasar Malta su sayar. Likitocin zamanin sun rubuta cewa da yawansu sukan cire wa macijin fiƙa tukuna, ko su sa ya sari nama har dafinsa ya ƙare kafin a fito fili.

Darajar sunan ta kai har a 1730, da wani limamin Kirista mutumin Dubrovnik ya rubuta littafi yana cewa ai ba a Malta jirgin Bulus ya fashe ba, a wani tsibiri ne kusa da garinsu mai suna kusan iri ɗaya, malaman Malta suka yi masa ca da martani. In ka raba dutsen da sunan Bulus, me ya rage? Tsakuwa ce kawai.

Yanzu bari mu shiga ɗakunan da maƙwabcinka ya ce ana adana su. A ƙarni na 16 da na 17, lokacin da jiragen Turawa suka fara kewaya duniya suna dawowa da abubuwan da ba a taɓa gani ba, sai wata al'ada ta shigo: sarki ko likita ko mai sayar da magani ya keɓe ɗaki guda ya cika shi da abubuwan al'ajabi. Ƙwan jimina, ƙahon karkanda, busasshen kifi, tsoffin kuɗi, kibiyoyin mutanen nesa, gawar Masar ta zamanin Fir'auna, duk a wuri ɗaya. Wani mai sayar da magani a birnin Napoli, Ferrante Imperato, ya buga hoton nasa ɗakin a littafi a 1599, da kada guda cur a rataye a rufi. Wani likita a Kopenhagen ta ƙasar Danmak, Ole Worm, shi ma an buga littafin kayan ɗakinsa a 1655, shekara guda bayan mutuwarsa. Da wuya ka sami irin wannan ɗaki ba harsunan Malta a cikin aljihun tebur. Waɗannan ɗakuna su ne kakannin gidajen adana kayan tarihi na yau.

Abin da ya fi burge ni a labarin nan shi ne, tarawar da aka yi don al'ajabi ita ce ta tona asirin dutsen. Muddin yana rataye a wuyan yaro shi kaɗai, ba mai tuhumarsa. Amma da aka ajiye shi a kanta guda da muƙamuƙin wani ƙaton kifin teku mai cin nama, wanda Turawa ke kira shak, sai masu ido suka fara cewa, kai, wannan da wannan ai kamar an tsaga kara. Wani masani ɗan Siwizalan, Conrad Gessner, ya zana su kusa da juna tun a tsakiyar ƙarni na 16. A 1616 wani abokin Imperato, Fabio Colonna, ya ɗauki harshen ya ƙona a wuta, ya ga ya yi baƙi kamar gawayi kafin ya zama toka, yadda ƙashi ke yi, ya ce wannan haƙori ne. Ba a saurare shi sosai ba. Yawancin malamai a lokacin sun tafi a kan cewa ƙasa ce ke haifar da irin waɗannan siffofi a cikinta, waɗansu kuma na bin maganar wani marubucin Rum na da can, Pliny, wanda ya ce daga sama suke faɗowa in wata ya dushe.

Akwai wani likitan fadar Paparoma mai suna Michele Mercati, wanda ya mutu a 1593. Shi ma yana da babban ɗakin duwatsu. Ya sa aka zana masa kan shak da baki buɗe, ga kuma harsunan a gefe, amma don ya gargaɗi mutane ne kada kamannin ya ruɗe su su ce abu ɗaya ne! Kada ku yi masa dariya tukuna. Wannan mutum shi ne kuma ya gane gaskiyar abin da mu muke kira gatarin aradu. Turawa ma sun yi imani daga sama yake faɗowa tare da tsawa, kamar yadda kakanninmu suka ce. Mercati ya duba irin waɗannan duwatsu ya ce makamai ne da mutanen da suka sassaƙa kafin a san ƙarfe. Ya dace a ɗaya, ya kuskure a ɗaya.

Sai a watan Oktoba na 1666 masunta suka kama wani ƙaton shak kusa da garin Livorno na Italiya, nauyinsa ya haura tan guda. Sarkin yankin, Ferdinando na Biyu, ya sa aka yanke kan aka kawo birnin Filorens, aka miƙa wa wani saurayi ɗan Danmak mai shekara 28, gwanin fiɗa don nazarin jiki, sunansa Nicolaus Steno. Shi Steno ya san harsunan Malta tun yana ɗalibi a Kopenhagen. Da ya buɗe bakin kifin nan ya ga haƙora jere-jere, sahu bayan sahu, sai ya rubuta bayani aka buga a 1667. Wane hoto ya sa a ciki? Zanen nan na Mercati, wanda aka yi don a nuna ba abu ɗaya ba ne, shi ya aro ya kafa hujja da shi cewa abu ɗaya ne.

Masu musu suka ce, to in haƙora ne, yaya aka yi suka yi yawa haka, ana ta lodi daga Malta shekara da shekaru ba su ƙare ba? Amsar ita ce shak guda na da haƙora ɗari biyu ko fiye, kuma yana zubar da tsofaffi sababbi na fitowa muddin ransa. Suka ce, to yaya haƙori ya shiga cikin dutse, a kan tudu? Wannan tambaya ita ce ta kai Steno ga littafinsa na 1669, inda ya bayyana cewa dutsen da can laka ne a ƙarƙashin ruwa, haƙorin ya faɗa ciki, wata laka ta sake rufewa, hawa kan hawa, na ƙasa ya girmi na sama, daga baya ya ƙanƙare. Duk wanda ya taɓa haƙa rijiya ya ga yadda ƙasa ke sake launi daga gaba zuwa gaba ya san abin da ake nufi. Masu neman man fetur da ruwa na amfani da wannan ƙa'ida har yau. A 1670 kuma wani mai zane ɗan Sisili, Agostino Scilla, ya fitar da nasa littafin da zane-zane masu kyau, yana jayayya da wani likitan Malta. Duwatsun da Scilla ya tara suna jami'ar Kambirij ta Ingila yanzu.

Kada wani ya ɗauka rashin addini ne ya sa Steno faɗar haka. Mutumin nan daga baya ajiye binciken ya yi ya zama limami, a 1677 aka naɗa shi bishop, ya mutu a 1686 cikin talauci da yawan azumi. Bai ga wani karo tsakanin imaninsa da cewa haƙori haƙori ne ba.

Masana na yau sun ce manyan harsunan na wani irin shak ne da ya ƙare a duniya fiye da shekara miliyan 3 da suka wuce, haƙorinsa guda kan kai tsawon tafin hannun babban mutum. "Idanun macizan" kuwa haƙoran wani kifi ne daban, masu murƙushe ƙumba. Mu ma nan gida muna da irinsu. A ƙasar Sakkwato, wajen Wurno da Dange, an tono haƙoran shak da ƙasusuwan dabbobin ruwa, domin teku ya taɓa ratsa Sahara ya biyo ta nan. Akwai ma wata dabbar teku ta zamanin da da masana suka raɗa wa suna daga sunan Goronyo.

To Malam, mu dawo kan girbinka. Garin kogon Rabat farar ƙasa ce irin ta alli. Tana iya kwantar da ƙwannafi, amma ba ruwanta da dafin da ya riga ya shiga jini. Baƙin dutsen da aka yi muku talla kuwa ba daga Malta yake ba, ba ma dutse ba ne. Galibi ƙashin saniya ne aka ƙona, yana da ƙananan ƙofofi, shi ya sa yake mannewa a ciwo kamar yadda sabuwar tukunya ke tsotse ruwa. Kuma an daɗe da gwada shi. A wannan fada ta Filorens, likitan sarki, Francesco Redi, abokin Steno, ya karɓi irin waɗannan duwatsu da aka kawo daga Indiya, ya sa macizai suka sari dabbobi, ya manna wa waɗansu ya bar waɗansu, ya buga sakamakon a 1671: dutsen bai ceci komai ba. Gwajin da likitoci suka sake yi a zamaninmu ma haka ya nuna.

Za ka ce, ai na san wanda aka manna wa ya warke. Haka ne, kuma ba ƙarya ya yi maka ba. Ba kowane maciji ke da dafi ba, kuma mai dafin ma sau da yawa yakan yi sara bai zuba ba. Irin wannan mutum ko ba a yi masa komai ba zai tashi, sai dutse ya kwashe yabo. Wanda dafin ya shige shi sosai kuwa, in ya mutu sai a ce kwana ne ya ƙare, ba mai komawa wajen mai dutse. Haka ƙasar Bulus ta yi suna a tsibirin da macizansa dama ba sa kisa.

Yankinku na Gombe ba Malta ba ne. Kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe-da-nisa, ta fi kowane maciji kisa a ƙasashen nan namu, kuma mugun halinta shi ne mutum na iya jin sauƙi a ranar farko alhali jininsa ya daina daskarewa. Sai daga baya a ga jini a dasashi, ko a fitsari, ko tsohon ciwo ya ɓalle. Kwanakin da aka ɓata ana jiran dutse ya faɗi da kansa, su ne ke cin rai. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, ta ƙiyasta yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara, akasarinsu manoma da makiyaya.

Saboda haka ga shawarata. Kuɗin dutsen nan ka ƙara ka sayi takalman roba dogaye da tocila, a daina sa hannu cikin dami ko ramin ɓera ba a bubbuga da sanda ba. In tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya ko roba. A cire zobe da warwaro kafin kumburi, a kwantar da mutum, a sa kara a tallafe ƙafar ko hannun kada ya motsa, a ɗauke shi kada ya taka, a nufi asibiti nan take ko da ya ce ba ya jin komai. Kada a ɓata lokaci wajen farautar macijin. A asibiti za a ɗibi jininsa a 'yar kwalba a ajiye minti 20, in bai daskare ba an san dafi ya shiga, a yi masa allurar kashe dafi. Ku kuna da sa'a, asibitin Kaltungo da ya shahara a wannan aiki yana jiharku. Tun yanzu, kafin a fara yankan dawa, ka san mai babur ko motar da za ka kira da tsakar dare, ka kuma tambaya a asibitin da ya fi kusa da ku ko suna ajiye allurar.

A gai da maƙwabcin rumfa. Masu sauraro, a ci gaba da aiko da wasiƙu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.